In saya wa Baba littattafan farautar giwa da zaki, ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Bauchi, ina da mata da 'ya'ya uku. Mahaifina ya yi kusan shekara talatin yana gadin daji a Yankari kafin ya yi ritaya, shi kuma nasa mahaifin maharbi ne na kwari da baka. Yanzu Baba ya tsufa, cutar yana ta rufe masa ido, ya daina fita, hira ma ta ragu. Ba abin da ke sa shi ya ware sai an ɗauko zancen daji. Kwanakin baya na ga wani mai sayar da tsofaffin littattafai a Legas ya sa hoton wani kwali a Facebook, littattafai 14 na Turawan da suka yi farautar giwa da zaki da karkanda a Afirka da Indiya. Ya ce naira 180,000 gaba ɗaya, ba ya rabawa, wai kayan tarihi ne da kuɗinsu ke hawa kullum, kuma akwai wani da ke jira. Burina in riƙa karanta wa Baba da yamma ina fassara masa. Matsalar ita ce abin da ke hannuna bai kai rabin kuɗin ba, ga hayar gidanmu za ta cika nan da wata biyu. Na roƙi maiɗakina ta ranta mini daga adashinta, ta ce ba za ta zuba guminta a labarin Turawa masu kashe giwa ba. Maganar ta yi mini zafi, yau kwana huɗu ba ma doguwar magana. Ban taɓa karanta ko ɗaya daga cikin littattafan ba. Yaya zan gane ko sun cancanci kuɗin? Kuma tsakanina da ita wa ke da laifi?

Daga wani malamin makaranta, Bauchi

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Ɗan da ya lura da abin da ke sa tsohonsa ya gyara zama ya fara magana, har yake neman hanyar ƙara masa, ya riga ya yi nisa a biyayya, kuma ina so ka riƙe wannan a ranka kafin ka ji sauran maganata.

Kada ka sayi kwalin nan. Abin da aka tallata maka cinikin biri a sama ne: hoto ɗaya ka gani, ba ka san abin da ke cikin ko guda ba, mai kayan ya ƙi rabawa, sannan ya ce wani na jira. Wataƙila mutumin kirki ne, neman abincinsa yake, kuma “akwai mai jira” magana ce da kowane ɗan kasuwa kan faɗa. Amma gaggawar tasa ce, ba taka ba. Littattafan da suka shekara ɗari a duniya ba za su ƙare a makon nan ba.

Wannan bai nuna littattafan farauta duk shirme ne ba. Na karanta da dama daga cikinsu, akwai waɗanda har yau nake komawa gare su, akwai kuma waɗanda na ajiye a rabi zuciyata na tashi. Tunda ka ce na Afirka da Indiya ne, ina iya hasashen wasu da za su kasance a kwalin, domin sunaye kaɗan ne ke yawo a irin wannan kaya.

Da wuya ka rasa The Man-Eaters of Tsavo na John Henry Patterson, wanda ya fito a 1907. Injiniyan soja ne da aka tura gina gadar layin dogo a kan kogin Tsavo a Kenya a 1898, sai wasu zakuna biyu marasa geza suka addabi sansanin leburori, suna jan mutane daga tanti cikin dare, har aiki ya tsaya. Ya harbe su a watan Disamba na shekarar. Labari ne mai riƙe mai sauraro, amma dubi yadda lissafinsa yake. A cikin littafin ya ce zakunan sun ci leburori 'yan Indiya 28, ban da 'yan Afirka masu yawa da ba a ma rubuta adadinsu ba. Daga baya adadin ya koma 135 a bakinsa. Ya shimfiɗa fatun a ɗakinsa kimanin shekara 25, sannan ya sayar wa gidan adana kayan tarihi na Field da ke Chicago a kan dala 5,000. A 2009 masana suka binciki gashi da ƙashin zakunan, suka kiyasta cewa mutanen da suka ci kimanin 35 ne. Abu biyu za ka ɗauka daga nan. Maharbi, Bature ne ko namu, yakan ƙara gishiri, ballantana in labarin ne ke kawo masa kuɗi. Sannan a yawancin littattafan nan an ƙirga kowa ban da mutanen ƙasar.

Na Theodore Roosevelt ma yakan shiga irin wannan kwali, African Game Trails, na 1910. Yana sauka daga shugabancin Amurka a 1909 ya taho da ɗansa Kermit, suka shiga ta Mombasa suka fita ta Khartoum, da sunan tara wa cibiyar bincike ta Smithsonian da ke Amurka dabbobin nazari. Su biyun kaɗai sun harbe dabbobi 512, ciki har da zaki 17, giwa 11 da karkanda 20, kuma jerin yana nan a cikin littafin. Akwai W. D. M. Bell, wanda ake wa laƙabi da Karamojo, ɗan cinikin hauren giwa da ya kashe giwa 1,011. Akwai J. A. Hunter da gwamnatin mulkin mallaka ta sa ya share karkanda kusan 1,000 a yankin Makueni na Kenya a shekarun 1940 don a samu filin zaunar da mutane. Kenyar nan ita ce a 1977 ta haramta irin wannan farauta baki ɗaya.

To ka tsaya a nan ka tuna wanda za a karanta wa. Baba ba maharbin nishaɗi ba ne. Shekara talatin ya yi yana taka dajin Yankari da ƙafa, rana da raɓa, yana tsare ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya daga masu harbin sata. Mutumin da ya san giwa da ɗanta, ya san yadda garke ke saukowa kogin Gaji da rani, ka zaunar da shi ka fassara masa yadda wani ya ƙware wajen sa harsashi a ƙwaƙwalwar giwa har sau dubu da ɗoriya. Mai yiwuwa ya saurara don ya ji dabarun, domin Bell ya san jikin giwa ƙwarai, har ƙoƙon kanta ya riƙa tsagawa yana nazari. Mai yiwuwa kuma ya yi shiru ya juya fuska, kai kana tsammanin barci ne. Ba ka tambaye shi ba tukuna. Kana shirin cin bashi saboda shi alhali ba ka ji ta bakinsa ba, kuma shi ne ya fi mu duka sanin abin da kunnensa ke so.

In da za a ce in zaɓar maka guda ɗaya, Man-Eaters of Kumaon na Jim Corbett zan ce, wanda ya fito a 1944. An haifi Corbett a Nainital, a tsaunukan arewacin Indiya, a can ya girma, yana jin harshen mutanen, kuma yawanci shi kaɗai yake shiga daji da ƙafa in ƙauyawa sun kai kuka cewa wata dabba ta hana su noma da ɗiban ruwa. Babbar damisar nan mai ratsi-ratsi ta Champawat, wadda aka lissafa ta kashe mutum 436 tsakanin Nepal da yankin Kumaon na Indiya, shi ya harbe ta a 1907. Da ya buɗe bakinta sai ya tarar fiƙoƙinta na gefe ɗaya a karye, sama da ƙasa, daga wani tsohon harbi. Bayanin da ya tsaya a kai ke nan a littafin: irin wannan dabba ba ta komawa cin mutum sai rauni ko tsufa ya hana ta kama abincinta na asali, kuma sau da yawa raunin daga ƙayar beguwa ne ko daga harbin wani da bai bi sawu ya ƙarasa ba. Yana faɗin inda ya ji tsoro, da inda ya yi kuskure, yana karanta kukan tsuntsu da na biri ya gane inda dabbar ta bi. Daga baya ya fi riƙe kyamara a kan bindiga, kuma akwai gandun daji a Indiya da ke ɗauke da sunansa. Wannan yaren Baba zai ji shi, domin aikinsa ne aka rubuta a wata ƙasa.

Daga waɗannan misalai za ka iya fitar da ma'aunin da kake nema. In littafi ya zo hannunka, fara da tambayar wane ne marubucin, kuma shekara nawa ya yi a wurin. Wanda ya zo yawon wata uku da ɗaruruwan 'yan dako ba ɗaya yake da wanda ya tashi a dajin ba. Buɗe tsakiya ka karanta shafi goma. Ka ga ko dabbar tana da rai a rubutunsa kafin ta faɗi, yadda take ci da sha da renon 'ya'ya, ko kuwa tsawon ƙaho da nauyin haure kawai ake aunawa. Ka ga ko ya taɓa harbi ya kuskure, domin maharbin da bai taɓa kuskure ba a shafi ɗari uku labari yake ƙagawa. Abin da ni na fi dubawa shi ne masu bin sawu da masu riƙe masa bindiga: ya kira su da sunayensu, ya faɗi abin da suka koya masa, ko “yarana” kawai yake ce musu? Su ne suka san dajin, su ke gaba in ɓauna mai rauni ta shige duhuwa. Marubucin da ya ba su haƙƙinsu galibi ya fi gaskiya a sauran abin da ya faɗa. Kuma ka shirya, a da yawa daga cikin tsofaffin za ka ci karo da kalaman raini ga baƙar fata waɗanda ba za ka so ka fassara wa mahaifinka ba.

Ga abin da zai sauƙaƙa maka: ba sai ka biya ko kwabo ba kafin ka yi wannan gwaji. Yawancin littattafan da suka fito kafin 1920 haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Na Patterson yana shafin intanet na Project Gutenberg kyauta, na Roosevelt da na wani maharbi Bature, Frederick Selous, na 1881 suna shafin Internet Archive, kuɗin data kawai za ka kashe ka sauke a wayarka. Karanta babi biyu na kowanne da daddare. Wanda ya riƙe ka, ka kai wa Baba babi ɗaya ka ga yadda fuskarsa za ta yi. In karatu a waya na wahalar da idonka, ka kai shagon kwamfuta a buga maka babin da kake so a takarda.

Wannan 'yancin bugawa kuma shi ne tarkon da ke cikin kwali irin na mutumin Legas. Tunda kowa na iya buga su, kasuwa ta cika da bugun da aka ɗauki hoton tsohon littafi aka manna masa sabon bango. Ya taɓa faruwa da ni. Na yi odar wani littafin tafiye-tafiye na jira mako biyar, da ya iso bangon na sheƙi, amma ciki rubutun ya yi ƙanana kamar ƙwayar gero, hotunan sun zama baƙin tabo, taswirar da ya kamata a warware ta babu ita sam, wani shafin ma har da inuwar yatsan wanda ya ɗauki hoton. Na ji ciwon kuɗin nan sosai. Saboda haka in har kana son wani abu daga kwalin, ka ce ya turo maka bidiyo yana buɗe kowane littafi, ka ga shafin farko da bayansa inda ake rubuta kamfanin da ya buga da shekara. Na Patterson na asali Macmillan ne a Landan, na Roosevelt Scribner ne a New York, na Corbett kuwa Oxford University Press. Ya nuna maka hotuna da taswira, ya nuna gindin littafin inda gara da danshi ke fara ɓarna. In kana da ɗan'uwa ko tsohon ɗalibi a Legas, ya je ya gani da idonsa, kuma kada kuɗi su fita sai kaya sun shiga hannu. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba.

Batun cewa kuɗinsu na hawa, ka cire shi daga lissafi. Gaskiya ne bugun farko mai tsabta yana da daraja a wurin masu tara irinsu, amma masu sayen suna Ingila da Amurka, kuma suna duba kowane shafi. Littafin Corbett an buga shi dubu ɗaruruwa, don haka kwafinsa na yau da kullum ba shi da tsada a ko'ina. Ranar da mai gidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda zai karɓi kwalin nan a Bauchi ya ba ka ko rabin abin da ka biya.

Sai maganar maiɗakinka. Ka tambaye ni wa ke da laifi, ni kuwa abin da na gani mutum biyu ne kowa na kare wani abu mai kyau. Kai kana kallon Baba, ita tana kallon rufin da ke kan 'ya'yanku. Adashin nan nata ne, ta tara shi da ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, kuma a shari'a ma dukiyar mace tata ce, in ta bayar alheri ne, in ta hana ba ta yi zalunci ba. Kalmarta ta yi kaifi, na yarda, kuma na san inda ta soke ka: kai ka ji kamar ta raina abin da kake son yi wa mahaifinka. Amma ina zargin ba ka faɗa mata abin da ka faɗa mini ba. Wataƙila ita littattafai da farashi kawai ta ji, ba ta ji cewa tsoro kake yi Baba ya yi shiru gaba ɗaya ba. Kwana huɗu ya isa. Ka same ta yau bayan yara sun kwanta, ka ce mata ka janye maganar rancen, ka ba ta haƙuri a kan fushin, sannan ka gaya mata damuwarka game da Baba kamar yadda take. Kada ka nemi ta janye tata maganar. Sau da yawa in mace ta ga an sauke mata nauyin kuɗi, ita da kanta za ta kawo shawarar da ba ka yi tunani ba. Ku tsayar da abin da za ku iya fitarwa bayan an biya haya, ko kuɗin littafi ɗaya ne ko biyu, ya zama da saninta.

Akwai kuma abin da ban so ya wuce ba. Ka ce yana ce ta rufe wa Baba ido. In likita bai duba shi kwanan nan ba, ka kai shi, domin yanar ido tana daga cikin abubuwan da ake yi wa aiki mutum ya koma gani, kuma lokaci-lokaci akan yi aikin kyauta ko da rangwame. In akwai inda ya kamata kuɗi su fara zuwa saboda Baba, nan ne, kuma ina kyautata zaton maiɗakinka ba za ta yi musu a kan wannan ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarka. Kakanka maharbi ne na kwari da baka. Ina yaro akwai wani tsohon maharbi a unguwarmu da ke ajiye kan burtu a rataye a zaurensa, wanda yake ɗaurawa a goshi ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya kusanci gada ko barewa ba ta gudu ba. Wata rana ya ɗaura ya nuna mana a tsakar gida, yana ɗingisawa a hankali, mu yara muka yi tsit. Ya rasu, kuma ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya daga abin da ya sani: yadda ake haɗa dafin kibiya, kirarin da maharba ke yi in an buga gangi, yadda ake gane sawun jiya da na yau. Baba yana ɗauke da irin wannan har kashi biyu, na mahaifinsa da nasa na Yankari. Mai bin sawun da littattafan Turawa suka ƙi ambaton sunansa, ga shi zaune a gidanku.

Don haka ka mai da littafin abin buɗe hira. Karanta masa shafi biyu ka tsaya, ka ce, “Baba, haka zaki yake yi a Yankari?” Ka kunna rikoda a wayarka ka ajiye kusa da shi, bayan ka nemi izininsa. In ya ce Baturen nan ƙarya yake, ka bar shi ya gyara masa, a nan hirar za ta yi daɗi. Ka zo da jikokinsa su zauna a tabarma, domin tsoho ya fi sakin baki in ya ji ƙananan muryoyi na tambaya. Duk ƙarshen mako ka kwafe abin da ka ɗauka a littafin rubutu, da sunayen wurare da na abokan aikinsa yadda ya faɗe su, ka kuma tura muryar wani wuri don kada waya ta ɓata da ita.

In bayan wata guda ka ga akwai littafin da Baba ke cewa a maimaita masa, wannan ya cancanci kuɗinka, ka nemi kwafi mai kyau guda ɗaya ka saya da zuciya ɗaya. Ka fara da labarin damisar Champawat in ka samu. Ina so ka sake rubuto mini ka gaya mini abin da Baba ya ce da ya ji zancen karyayyun haƙoran nan, da kuma yadda kuka ƙare da maiɗakinka. Ka gaishe mini da shi.